Jan Rubutun da Na Manta Ban Goge Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a samista ta biyu ba, lokacin ina karatun digiri na biyu a Dubai. Ina zaune a wurin cin abinci na makaranta, na ajiye shawarma a gabana ko takardarta ban ɓare ba, sai wayata ta yi ƙara. Imel ne daga ofishin harkokin karatu. Layi huɗu ne kacal, amma kafin in kai ƙarshensu yunwar da na shigo da ita ta kama gabanta.

Jami'ar tamu reshe ce ta wata jami'ar Ingila, tana can bayan gari inda aka jera makarantu kamar rumfunan kasuwa. Komai nata irin na Turawa ne. Ba sa faɗa, ba sa ɗaga murya, ko korar ka za su yi da tambayar lafiyarka za su fara. Haka wannan saƙon ma ya fara. Suna fatan ina lafiya. Sannan suna gayyatata zama da kwamitin ladabtarwa ranar Litinin da ƙarfe goma, game da maƙalar da na miƙa wa Dakta Martin, saboda akwai shakku kan wanda ya rubuta ta. Layin ƙarshe ya ce ina iya zuwa da wanda zai raka ni. Wannan layin ne ya fi tayar mini da hankali, don ni a iya sanina a asibiti da kotu ne ake ce wa mutum ya zo da ɗan rakiya.

Dakta Martin shi ne malaminmu na darasin jigilar kaya ta ruwa. Dogon Bature ne siriri mai dogon wuya, in yana lakca yakan tsaya cak ya karkata kai yana kallon mutum ta gefe. Bai taɓa yi mini komai ba. Maƙalar kuwa ni na rubuta ta da hannuna, sati uku ina fama da ita, a kan abin da ke sa kwantena ta daɗe a tashar ruwa ba ta fita ba. Na san ban saci aikin kowa ba. Amma shi tsoro ba ya tambayar ko kana da gaskiya.

Na nemi Bashir, wani ɗan Katsina da ya riga ni shiga makarantar da shekara ɗaya. (In kana neman wanda zai kwantar maka da hankali, kada ka nemi Bashir.) Ya karɓi wayar ya karanta, ya sake karantawa, ya miƙo mini a hankali kamar mai miƙa takardar gado.

"Habibi, wannan ba ƙaramar magana ba ce," in ji shi. "Cewa suke wani ka biya ya rubuta maka."

"Wallahi ni na rubuta."

"Ni ai na yarda. Su ne ba su san ka ba. Bara akwai wani ɗan ajinmu da aka kira irin wannan zaman. Da safe ya shiga, kafin la'asar katinsa ya daina buɗe ƙofar laburare. Khalas, shi ke nan. Ka san bizarmu a hannun makaranta take, in suka sallame ka sai ka tattara."

Ya jawo shawarmata ya ce tunda ba zan ci ba kada a yi asara.

A nan ya kamata in faɗi abin da ke kaina. A unguwar Al Rigga nake zaune, a filat ɗin Kawu Sabi'u, ƙanen mahaifiyata, wanda ke da ofishin kago, wato na aika kaya gida, a kasuwar Naif. Shi ya ɗauko ni daga Kano, shi ya ɗauki nauyin karatun, da niyyar in na gama in riƙe masa ɓangaren takardu da hulɗa da kamfanonin jiragen ruwa. Kawu bai yi boko mai nisa ba, saboda haka karatuna ya zame masa abin ado. Babu ɗan kasuwar da zai shigo ofishinsa bai ji labarin "ɗanmu na jami'ar Ingila" ba. Malam Bature yake kirana, tun ina jin kunya har na saba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi shi ofis kamar yadda na saba. Wurin cike da mutanen Kano da suka zo sari, kwalayen takalma da jakunkuna har rufi, ana ta naɗe su da salatif ana rubuta sunaye da alƙalamin maka. Wani Alhaji ya kawo takardar kamfanin jirgi da bai gane ba, Kawu ya ƙwala mini kira.

"Malam Bature, zo ka warware wa Alhaji wannan. Alhaji, wannan da kake gani, Turawan ma shi suke tambaya."

Na karɓi takardar. Na yi bayanin, Alhajin ya sa mini albarka, ya ce Allah Ya nuna mana ranar da zan karɓi shaida. Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, amma idona yana kan wani ƙaton kwali da aka rubuta wa KANO, ina lissafin cewa nan da sati biyu wataƙila jirgi ɗaya za mu hau da shi.

Aka kawo shinkafa da kaza daga gidan abincin 'yan Najeriya da ke bayan layin. Na yi loma biyu na tsame hannu.

"Lafiya kake kuwa?" Kawu ya tambaya.

"Lafiya lau, Kawu. Karatu ne ya yi yawa."

"To shwaiya shwaiya, bi a hankali. Kada ka kashe mana kanka, muna da buƙatarka."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da yamma Umma ta kira. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, sai dai ta ce "kai wannan". Ta ce, "Kai wannan, muryarka ba daidai take ba." Na ce mura ce, sanyin na'urar ɗaki ne. Na san ba ta yarda ba, ƙyale ni kawai ta yi, ta ce in riƙa shan citta, in kuma riƙe addu'a. Na ajiye wayar na zauna a bakin gado ina tunanin yadda zan shiga gidanmu da akwati babu takarda, da bakin da zan yi wa maƙwabtan da suka raka ni filin jirgi bayani.

Asabar da Lahadi na yi su ne a gaban kwamfuta. Na buɗe maƙalar na karanta ta ya fi sau goma. Tsaf take. Duk inda na ɗauko maganar wani na rubuta sunansa. Na rasa inda laifin yake, rashin sanin kuma ya fi komai ci mini rai. Sai na shiga tono wa kaina zunubai. Na tuna ranar da na sa wa Bashir hannu a takardar halartar wani taro. Na tuna littafin laburare da na riƙe har ya wuce lokaci. Har jawabin ban haƙuri na rubuta na haddace, ina maimaita shi a banɗaki a hankali don kada Kawu ya ji.

Ranar Litinin na sa kwat ɗin da na tanada don bikin kammala karatu (na ce gara in more ta tun yanzu, ba a san gobe ba). Na hau jirgin metro daga Al Rigga, na sauka na kama bas. Duk sanyin da ke cikin motar gumi nake yi. Ban zo da ɗan rakiya ba. Kawu bai sani ba, Bashir kuwa da in je da shi gara in je da takardar sallamar a hannuna.

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya da kujeru huɗu da kwalin tishu a tsakiya. Kwalin tishun nan ya ƙara karya mini gwiwa, don ya nuna an saba kuka a wurin. Shugabar kwamitin wata Baturiya ce mai furfura da tabarau. Dakta Martin yana gefenta. Ta ukun kuwa wata dattijuwa ce baƙa da mayafi ruwan toka, wadda nakan hango a sashen injiniya amma ban taɓa sanin daga ina take ba.

Shugabar ta ce, "Wannan ita ce Dakta Rakiya. Mun roƙe ta ta zauna da mu saboda tana jin harshenku."

Dattijuwar ta dube ni ta ce, "Sannu ɗana. Ina kwana?"

Hausa ce tsantsa, ta Zazzau. Na rusuna na ce, "Ina kwana, Hajiya," ina mamakin me ya kawo harshenmu cikin maganar kwantena.

Kafin a tambaye ni komai na fara jawabin da na haddace. Na ce ina neman afuwa, ni ɗan Adam ne, kuma gaskiya ne na taɓa sa wa wani hannu a takardar halarta. Shugabar ta ɗaga gira, ta rubuta wani abu, ta ce ba wannan ya tara mu ba amma ta gode da bayanin. (Ka ji fa. Ba a tambaye ni ba na kai kaina.) Daga nan ta turo mini maƙalata da aka buga a takarda.

Ina buɗa shafi na biyu na ga ja.

Ina da wata ɗabi'a tun ina jami'a a gida. In ina rubutu da Turanci, nakan tsaya in rubuta wa kaina saƙo da Hausa a tsakiyar aikin, da jan rubutu, don in tuna abin da zan gyara. Kuma ba da ladabi nake yi wa kaina magana ba. In na gama sai in goge su duka in adana sabon fayil. Wannan karon ma na goge, na adana. Sai dai fayil biyu ne a kwamfutar, ɗaya na sa masa suna "na ƙarshe", ɗayan "na ƙarshe sosai". Ranar miƙawa, saura minti goma a rufe, ina laburare ana jiran kujerata, na tura wanda bai kamata ba. Duk karatun da na yi Asabar da Lahadi, mai tsabtar nake karantawa. Wanda ke hannunsu kuwa jan rubutu goma sha ɗaya ne a cikinsa.

Shugabar ta yi bayani a natse. Ta ce sun ga saƙonni cikin wani harshe, sun sa a manhajar fassara, abin da ya fito ya nuna kamar wani yana ba wani umarni. Ta karanta na farko yadda manhajar ta ba su: "Kai, ƙara kalmomi ɗari uku a nan kafin Laraba, in ba haka ba ka shiga lamba uku." Ta cire tabarau ta ce suna so su san wane ne "kai", kuma mece ce lamba uku. Mutum na uku ne a cikin aikin?

Na ce a'a, ni ne "kai". Ni nake yi wa kaina magana. Shiga uku kuma ba lamba ba ce, masifa ce.

"To, za mu so ka fassara mana sauran da bakinka," in ji ta. "Dakta Rakiya za ta tabbatar."

A lokacin ne wani sabon tsoro ya taso ya danne na farko, don na tuna abin da ke cikin sauran.

Na biyu yana shafi na huɗu. Abin da na rubuta shi ne: "Wannan ko ni ban gane abin da na ce ba, amma bar shi, Zalɓe yana son dogon Turanci." Na ce da Turanci, ma'anarsa wannan sashe yana buƙatar ƙarin nazari.

Dakta Rakiya ba ta ɗago daga takardarta ba. Da Hausa ta ce, "Ɗana, ka ji tsoron Allah."

"Hajiya, ki rufa mini asiri."

"Asirin nake rufa maka. Abin da kake ɓoyewa shi ne zai fitar da kai. Wanda aka biya ya yi aiki ba ya rubuta irin wannan shirmen. Ka faɗa yadda yake, ko ni in faɗa, kuma ni ba zan rage komai ba."

Shugabar ta tambayi me muke cewa. Dakta Rakiya ta ce tana ƙarfafa mini gwiwa ne.

Haka na buɗe baki na fassara shi kalma bayan kalma. Dakta Martin ya karkata kai ya dube ni ta gefe, ya ce, "Wane ne Zalɓe?"

Na dubi kwalin tishu. Na dubi ƙofa. Na ce, "Kai ne, Dakta."

"Me kalmar take nufi?"

Na ce wani tsuntsu ne mai daraja ƙwarai a ƙasarmu. Dakta Rakiya ta ɗauki wayarta, ta ɗan latsa, ta miƙa masa. Daga inda nake ina hango hoton: zalɓe tsaye a bakin ruwa, dogayen ƙafafu, wuya kamar igiyar guga, ya karkata kai gefe. Dakta Martin ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar mata da wayar ya ce, "Ba laifi. Akwai kama." Bai yi murmushi ba. Shugabar ce na ga ta sa hannu ta rufe bakinta kamar mai tari.

Na uku ya fi muni. "Ka ambaci takardar da Zalɓe ya wallafa a nan ko ba ka karanta ba, yana son ya ga sunansa." Wannan da na fassara shi ban iya ɗaga kai ba. Ina jin gumi yana bin bayana a cikin kwat. Dakta Martin ya tambaya ko daga baya na karanta. Na ce na karanta shafin farko. Ya ce shafin farko ai sunansa ne kawai da taƙaitawa. Na ce haka ne.

Muka ci gaba. Akwai inda na rubuta, "Kai dai jaki ne, jiya ka gane wannan lissafin yau ka manta." Akwai inda na ce, "Tambayi Kawu kwana nawa kwantenarsa ta yi a tasha bara." Ina fassarawa, Dakta Rakiya tana gyaɗa kai, wani lokaci ta ƙara kalmar da na yi ƙoƙarin tsallakewa. Na ɗauka na gama shan kunyar duniya, sai muka iso shafi na tara.

"In ka gama wannan shafin an yarda ka duba ko Nabila ta amsa saƙo."

Layi uku a ƙasa kuma: "Ba ta amsa ba. Ci gaba da aikinka, ɗan wahala."

Nabila wata 'yar Sudan ce a ajinmu, kuma Dakta Martin ya san ta sarai, a layin gaba take zama. Na roƙi a bar wannan tunda bai shafi kwantena ba. Shugabar ta ce ka'ida ce a karanta duka. Na karanta. Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. Dakta Rakiya ta taimaka da fassara "ɗan wahala", ta ba su ma'ana har iri biyu don kada a samu kuskure.

Bayan nan suka shiga yi mini tambayoyi kan maƙalar kanta. A nan ne na ɗan dawo mutum. Na yi bayanin yadda takarda ɗaya da ba a sa wa hannu ba take zaunar da kwantena a tasha, da misalan da na gani da idona a ofishin Kawu. Na buɗe kwamfuta na nuna musu tsofaffin fayilolin tun daga ranar da na fara. Suka ce in jira a waje.

Minti ashirin na yi a barandar nan, ina kallon ɗalibai suna wucewa da kofunan shayi, kowa da katinsa a wuya. Na riƙe nawa katin gam kamar za a fizge. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Da aka kira ni, shugabar ta ce kwamiti ya gamsu ni na rubuta aikina, babu wanda zai yi shakka bayan abin da suka ji. Amma ambaton takardar da ban karanta ba laifi ne. Zan sake miƙa maƙalar cikin sati biyu, kuma komai kyanta makin tsira kawai za a ba ni. Maganar sa hannu a takardar halarta kuma za a rubuto mini gargaɗi. Na ce na gode, na sake cewa na gode, har sai da ta ce ya isa. Dakta Martin ya miƙe, ya tattara takardunsa, ya ce takardar tasa shafi ashirin da biyu ce, yana fatan wannan karon zan wuce na farko.

A bakin lif Dakta Rakiya ta same ni. Na durƙusa sosai na yi mata godiya.

"Tashi, ba a yin wannan a nan," ta ce. "Ɗan wane gari ne kai?"

"Kano, Hajiya."

"Na ga alama." Ta danna lif. Sai da ƙofar ta buɗe ta juyo ta ce, "To, daga baya ta amsa?"

Na ce, "Ba ta amsa ba, Hajiya."

"Allah Ya ba ka haƙuri. Je ka yi karatu."

Da a nan maganar ta tsaya da na ce na tsira da sauran mutunci. Amma daɗin kuɓuta ya ɗebe ni, na zauna na ba Bashir labari tun daga farko har ƙarshe, na kuma roƙe shi ya bar shi tsakaninmu. Ya rantse. Kafin Juma'a ta zagayo duk wani Bahaushe da ke makarantar ya ji, daga nan labari ya hau metro ya sauka a Naif. Ina shiga ofis na tarar da Kawu da baƙinsa sun zuba mini ido. Kawu ya ce in zauna. Ya ce abu ɗaya ne ya ɓata masa rai, wato in kwana huɗu da irin wannan tashin hankali a gidansa, muna cin abinci a faranti ɗaya, ban gaya masa ba. Ya ce ko korar tawa aka yi ai shi kawuna ne kafin ya zama mai biyan kuɗin makaranta. Na sunkuyar da kai, idona ya ciko. Sai ya gyara zama ya ce, "To yanzu nuna mana hoton Baturen, mu ga ko da gaske akwai kama."

Na sake maƙalar, na karanta shafi ashirin da biyun nan har da jerin littattafan ƙarshe. Abin haushi, takarda ce mai kyau, da na karanta ta tun farko da aikina ya fi haka. Sauran samistar a layin baya na ƙare ta, ina sunkuyar da kai duk lokacin da Dakta Martin ya karkata nasa. Sunan da na laƙaba masa kuwa bai bi shi ba, ni ya bi. Har na gama makarantar Zalɓe 'yan uwana Hausawa suke kirana, ni da ko tsawon kirki ba ni da shi.

Har yau ina yi wa kaina jan rubutu, hali zanen dutse. Sai dai yanzu da ladabi nake yi, ina cewa "don Allah a duba nan", kamar mai rubuta wa surukinsa wasiƙa. Na gane cewa duk abin da ba za ka iya fassarawa a gaban mai shi ba, to kada ka rubuta shi, ko da harshen da kake ganin babu mai ji ne. Duniyar nan babu inda za ka je ba ka tarar da wata Hajiya 'yar Zazzau tana zaune a kwamiti ba.